Yadda Ƙanena Ya Gano Wasa Da Jarirai

Ƙanena mai gyaran agogo ne, kuma tun yana ɗan shekara biyar muke kiransa Alƙali a gida. Mahaifiyarmu ce ta laƙaba masa sunan, ranar da santsi ya kwashe ta a bakin famfo ta faɗi zaune cikin ruwan wanki. Duk gidan muka tuntsire da dariya, har da ita kanta, shi kuwa ya zo ya tsaya a kanta, hannuwa a baya, ya ce, "Dama na ga sabulun a wurin." Ni na goya shi, ni na yi masa wanka, saboda haka in na ce har ya yi gemu ban taɓa jin ƙarar dariyarsa ba, a yarda da ni.

Bai yi nisa a makaranta ba. In ji shi, malaman ne ba sa shiga aji a kan lokaci. Ya koyi gyaran agogo a wajen wani tsoho, shekara shida, sannan ya kama shago a ƙarƙashin matakalar wani bene mai hawa huɗu, a kan titin da motocin haya suke juyawa. Shagon, in ka ware hannuwanka za ka taɓa bangon nan da na can. Kanta ce ta gilashi a gaba, tebur a baya da fitila mai lanƙwasasshen wuya, ƙananan sukudireba a jere daga babba zuwa ƙarami, sai agogon bango goma sha ɗaya da ba wanda ya isa ya riga wani ko da sakan guda. Yana da wani ɗan baƙin madubi mai kama da murfin kwalba, wanda yake maƙalawa a idon dama in zai duba cikin agogo. Da shi yake wuni a fuska, ko da aiki ko babu, don yana ganin yana ƙara masa kwarjini.

Aikinsa yana da kyau, wannan ba zan hana shi ba. Amma duk wanda ya kawo agogo sai ya sha wa'azi kafin ya karɓa: don me ka wanke hannu da shi, don me ka ajiye shi kusa da rediyo, wa ya ce ka buɗe bayansa da wuƙa. Mutum zai shigo da mataccen batir ya fita yana jin kamar ya kashe rai.

Yadda aka yi ya samu mata, har yau ina mamaki. Malamar firamare ce, 'yan aji ɗaya take koyarwa, mace mai fara'a wadda ko gaisuwa take yi sai ka ji kamar albishir ta kawo maka. Agogonta ta kawo gyara, ya tsare ta da faɗa a kan ruwan da ya shiga ciki, ita kuma ta kasa riƙe dariya. Shi a zatonsa iliminsa ne ya burge ta. Ba wanda ya gyara masa wannan fahimta, aka ɗaura aure.

Bayan shekara uku Malama ta haifi 'ya mace, ƙatuwa, kumatunta kamar ta ɓoye wani abu a ciki. Kafin a yi wata guda kowa Kumatu yake ce mata.

Malama uwa ce mai surutu da jariri. In tana canza wa Kumatu nafkin, sai ta ba ta labarin duk abin da take yi: yanzu za mu ɗaga ƙafar nan, yanzu ɗayar, wa ya yi wannan aika-aika, ai ba mu ba ne. In yarinyar ta ce "agu", sai ta zaro ido ta ce, "Haba dai? Sai kika ce masa me?" Ta yi shiru tana jira, kamar da gaske amsa za ta zo. Kuma tana zuwa, wani "agu" ɗin da miyau a kai. Ta ƙirga mata yatsun ƙafa, ta yi mata gwalo har yarinyar ta koyi mayarwa, ta rufe fuska da tawul ta yaye. Kumatu ta wangale baki, dasashi a waje, tana harba ƙafafu.

Alƙali yana kallon wannan duka kamar wanda aka tilasta wa zama a gidan mahaukata.

"Ke da kike koya wa yaran mutane karatu," ya ce mata wata rana a gabana, "ki zauna kina agu-agu? Yarinyar nan fa ba ta ma san hannunta nata ba ne."

"To ai sai da hira za ta sani, Baban Kumatu."

"Za ta sani in lokacin sani ya yi. Kowane abu da lokacinsa. In ta samu kalmomi, ta zo mu yi magana."

Shi ma dai yana da tasa hulɗar da ita. Kullum ƙarfe bakwai da minti goma zai tsaya a kan gadonta, ya gyara wuyan riga, ya ce, "Kin tashi lafiya? Madalla." Sai ya ɗauki jakarsa ya fita. Ko maigadin benen yana samun gaisuwar da ta fi wannan tsawo. Ranar da ya shigo ya same ni na kifa baki a kan cikin yarinyar ina hurawa, tana ƙyalƙyala dariya har da shaƙuwa, sai ya zaro hankici ya miƙo mini.

"Yaya, girma fa ya kama ki," ya ce.

Na ce masa shi kuwa tun a zanin goyo ya kama shi, kuma ban ga abin da ya tsinana masa ba.

Kumatu tana da wata shida abin ya faru. Malama ta koma aiki, akwai wata mata da take riƙe yarinyar da safe. Sai mahaifiyar matar ta kwanta ciwo, ta yi tafiya ta mako guda, kuma makon jarrabawa ne, Malama ba ta da halin fashi. Ni ina aiki a gidan burodi, ba na tashi sai ƙarfe ɗaya. Aka duba gabas aka duba yamma, ba kowa sai uban. Daga ƙarfe takwas zuwa ɗaya, Kumatu za ta zauna a shago.

Malama ta so ta yi masa bayani, ya ɗaga mata hannu.

"Na gyara agogon da ya girmi kakarmu," ya ce. "Yarinya mai kilo bakwai ce za ta gagare ni?"

Ranar farko ya kwantar da ita a kwandonta a gefen tebur, ya maƙala madubinsa, ya buɗe bayan wani agogo. Ƙarfe takwas da minti ashirin ta tsanyara kuka. Ya ba ta madara, ta ture. Ya duba nafkin, a bushe. Sai ya ja kujera ya fuskance ta.

"Kin ci, kin sha, an canza miki," ya ce. "Ba ki da hujja."

Wadda ta ba ni wannan labari ita ce telar da shagonta yake jikin nasa, mace mai 'ya'ya biyar, katako ne kawai ya raba su, komai tana ji. Da ta ga kukan ya ƙi ƙarewa, ta bar ɗinkinta ta zo ta ɗauki yarinyar, ta ɗora a kafaɗa, tana jijjiga ta tana yi mata 'yar waƙa a kunne. Minti biyu ba a yi ba Kumatu ta yi tsit. Maimakon godiya, Alƙali ya dubi agogon bango ya ce, "Dama lokacin shirunta ya yi."

Tela ta ajiye masa 'yarsa a kwando, ta koma. Washegari da kukan ya tashi wajen ƙarfe sha biyu, sai ta ƙara wa kekenta gudu.

Minti arba'in yarinyar nan tana tsala ihu. Masu hawa bene suna leƙowa, masu jiran mota suna waiwaye. Ya ɗauke ta, ya riƙe ta nesa da jikinsa kamar tukunya mai zafi, ya yi taku biyu gaba, taku biyu baya, iyakar faɗin shagon ke nan. Ya mayar da ita kwando. Can ya yi tunanin ko wani abu ne ya faɗa mata a ido, ya sunkuya a kanta da madubin a fuska zai duba. Ta ƙara ƙarfin kukan, ya ɗaga gira don takaici, madubin ya suɓuce ya faɗo mata a ciki, tim.

Kumatu ta yi shiru. Ta dubi abin da ya faɗo, ta dubi idon da ya bayyana a inda da babu ido.

Ya ɗauka ya mayar. Ya sake ɗaga gira, wannan karon don mamakin shirun, abin ya sake faɗowa. Sai yarinya ta saki dariya, da hawayen kuka a kumatu.

Tela ta ce da ta ji shiru, ta ɗauka ya yi wa yarinyar wani abu. Ta taso ta leƙa ta tsakanin ƙarafan matakala. Ta ƙirga da idonta, sau goma sha huɗu ya maƙala madubin ya sako shi. A na takwas har da ƙara sauti, yana cewa "tim" da bakinsa. Ta koma shagonta a guje ta kira ni a waya, ta ce in ina so in ga abin da ban taɓa gani ba, kada in tsaya wanke hannu.

Ƙarfe ɗaya da kwata na iso, da garin fulawa a hannun riga. Wani mutum yana tsaye a gaban kanta da agogo a hannu, ya ce mini ya kai minti goma yana sallama. A bayan kanta kuwa ƙanena ne durƙushe a ƙasa, ya lulluɓe fuskarsa da ƙyallen goge gilashi, yana magana da wata siririyar murya da ban san yana da ita ba.

"Ina Baba? Ina Baba ya tafi? Baba ya ɓata." Ya fizge ƙyallen. "Ga shi!"

Yarinya tana ta harbin iska. Shi ma bakinsa a buɗe, yana fitar da wani sauti kamar tsohuwar ƙofa. Sai daga baya na gane dariya ce.

Da ya ɗago ya gan ni, ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya ninke ƙyallen gida huɗu.

"Gwaji nake yi," ya ce.

A hanyar gida na yi ta murna. Na ce to, yau dai Allah ya sauko da shi ƙasa, zai je ya ba matarsa haƙuri a kan duk baƙar maganar da ya yaɓa mata wata shida. Ashe ban san ƙanena ba, ni da na goya shi.

Da yamma na biya gidan. Na same shi zaune da sabon littafi da biro, Malama tana gefe tana duba takardun jarrabawa. Ya ce mu ba shi hankalinmu, ya gano wani abu game da ƙwaƙwalwar jarirai. Wai in ka ɓoye fuska sannan ka bayyana ta, jariri yana jin daɗi. Ya faɗi wannan yana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, yana jiran mu riƙe baki.

"Baban Kumatu," Malama ta ce a hankali, "ai kullum ina yi mata haka da tawul."

"Ke wasa kike yi. Ni tsari nake magana."

Daga ranar gidan ya koma makaranta, shi ne shugaba. Ya auna da agogo ya tabbatar cewa sakan uku ya kamata fuska ta yi a rufe, ba biyu ba, ba huɗu ba. Hura ciki sau biyu ne, a huta, a sake. Gwalo kafin cin abinci, cakulkuli bayan wanka. In jariri ya yi gwaranci, a jira sakan biyar kafin a amsa, don a ba shi damar kammala zancensa. Wannan na ƙarshen har layi ya ja a ƙarƙashinsa, kamar ba shi ne ya ce matarsa ta taɓu ba saboda abin nan dai. Malama za ta rufe fuska da tawul, sai ka ji shi daga ɗaki: "Kin yi saurin buɗewa." Ni ma da na zo na hura wa Kumatu ciki, ya ce na yi ƙasa da yawa, kuma iskar ta yi ƙarfi. Ni da na raini yara huɗu, da shi na biyar.

Masu kawo gyara su ma wa'azinsu ya canza. Da ka ajiye agogo zai tambaye ka ko kana da jariri a gida. In ka ce e, ka shiga uku, sai ya zaro littafi. Da Kumatu ta fara magana ta ce "ga shi", ya bi shaguna yana sanar da cewa kalmarta ta farko daga tsarinsa ta fito. Malama ta tuna masa cewa mako biyu ke nan yarinyar tana cewa "mama". Ya ce wannan ba kalma ba ce, motsin leɓe ne.

Abin bai ishe shi ba sai da ya kira taro. Ya rubuta sanarwa ya manna a jikin kanta, cewa ranar Asabar ƙarfe goma na safe zai koya wa iyaye maza yadda ake hira da jariri, kyauta. Ya ari benci a wajen Tela, ta ba shi da hannu biyu, ta kuma ajiye ɗinkinta don kada komai ya wuce ta. Ni ma na nemi hutu a wurin aiki. Mutum huɗu suka zo: mai kemis na ƙarshen layi, wani direban tasi da ɗansa ɗan wata bakwai a hannu, da wasu biyu da nake zaton inuwa kawai suka gani da benci.

Ya yi minti ashirin yana karanto littafi. Sannan ya zaunar da Kumatu a kan kanta, Malama tana riƙe da ita ta baya, ya ce a kula da kyau. Ya rufe fuska, ya ƙirga uku a fili, ya yaye. Kumatu tana kallon wata mota da ke juyawa a titi. Ya sake. Ta kama yatsan ƙafarta ta kai baki. Ya sake na uku da ƙarfi, ta yi hamma.

"Hayaniyar titi ce," ya ce. "Kawo naka."

Direba ya miƙo ɗansa. Alƙali ya maƙala madubi, ya sunkuya. Yaron ya ga baƙon mutum da baƙin abu a madadin ido yana matsowa, ya ƙanƙame wuyan ubansa ya fasa ihu kamar an tsikare shi da allura. Kumatu ta ji, ita ma ta taya shi. Direban ya laluba aljihu ya zaro makullan motarsa, ya karkaɗa a gaban yaron, ya ɓoye a baya, ya sake fito da su. Yaran biyu suka yi shiru, sannan suka fara miƙa hannu suna dariya.

"Makulli ba ya cikin tsarin," in ji Alƙali.

"To, Malam," direban ya ce yana tashi, "ina ga yaran ba su karanta littafin ba tukuna."

Tela ta shige shagonta ta toshe baki da yadin wani. Ni ban ɓoye tawa dariyar ba. Ƙanena kuwa ya zauna ya rubuta a littafinsa cewa tsarin ba ya aiki a waje, kuma ba ya aiki a kan yaron da aka riga aka ɓata da makulli.

Na ce wa Malama ta daure ta faɗa masa gaskiya ko sau ɗaya, kafin ya mayar da mu abin nuni a unguwa. Ta yi murmushi ta ce in bari, ita ta ga amfanin abin. Ta ce in zauna in gani.

Yana shigowa ta ɗauki Kumatu da tawul, ta yi fuskar mai neman taimako.

"Baban Kumatu, na manta. Sakan nawa ne ma?"

Ya girgiza kai, irin na wanda ya gaji da jahilcin duniya, ya ajiye jaka, ya karɓi yarinyar. "Kawo in nuna miki. Ki kula wannan karon." Ya baje a tabarma. Malama ta kula na minti ɗaya, sannan ta sulale. Ta yi wanka, ta gama duba takardunta, ta dafa mana shayi, muka sha a kicin muna jin "ga shi" da dariya ta bango, har awa ɗaya da rabi. Da ya fito, gumi a goshi, ya tambaye ta ko yanzu ta gane. Ta ce ta fara ganewa, amma sai an maimaita mata gobe.

Kumatu dai ta shaƙu da ubanta, wannan ko ni ba zan musa ba. Da ta ji motsin makullinsa a ƙofa za ta fara zillo. Da rarrafe take binsa har bakin banɗaki. Abin da tun farko zai samu a banza, sai da ya bi ta littafi da agogo ya same shi, kuma har gobe gani yake shi ya ƙirƙiro.

Dabarar Malama ba ta tsaya a gida ba. Ta faɗa wa Tela, Tela ta faɗa wa surukarta, surukar ta faɗa wa matar mai kemis. Yanzu Kumatu tana aji uku, kuma a lissafina jarirai sun fi ashirin da suka bi ta shagon nan. Uwa za ta zo da goyo, ta gaishe shi da ladabi, ta ce ta ji labarin tsarinsa, ko zai taimaka ya gwada a kan nata, don ita kanta ya kulle. Ya ture agogon mutane gefe, ya karɓa. Ita kuma ta ce bari ta ɗan leƙa kasuwa ta dawo. Littafin ya kai na huɗu. Agogon da a da yake gyarawa a kwana biyu yanzu sai ya yi mako, masu shi suna ta sintiri.

Watan jiya 'yata ta fari ta zo mini da jaririnta ɗan wata huɗu, idanunta sun faɗa don rashin hutu. Na ce ta shirya mu je gaida kawunta. Muka same shi yana cire batir. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta faɗi abin da na koya mata a hanya, kalma bayan kalma. Ya dube ni ta saman madubinsa.

"Kin gani, Yaya? 'Yarki ma ta fi ki son ilimi."

Na ce haka ne, Alƙali, ni kaina ya riga ya bushe. Ya wanke hannu, ya karɓi yaron, ya ce mu ba shi wuri don kada mu raba masa hankali. Muka shiga shagon Tela, ta shimfiɗa wa 'yata yadi a bayan keke, yarinya ta yi barcinta har la'asar.